Ƙafar Malama a Kan Birki

Ranar da ya fara zuwa koyon tuƙi, bai shiga motar kai tsaye ba. Ya tsaya ya yi ta zagayarta, ya leƙa taya, ya leƙa ƙasa, sai ka ce sayenta ya zo yi. Malama tana zaune a ciki tana kallonsa ta madubi, har ta gaji ta sauke gilashi.

"Bawan Allah, ba ta cizo. Shigo."

Ya yi murmushin kunya ya buɗe ƙofa. Dogo ne siriri, rigarsa ta sha guga. Ya zauna a mazaunin direba, ya ɗora hannuwa a kan cinya, bai ko taɓa sitiyari ba.

Makarantar koyon tuƙin ta mahaifinta ce. Baba tsohon direban manyan motoci ne. Da gwiwa ta fara damunsa sai ya ajiye doguwar hanya, ya sayi ƙananan motoci, ya ƙara musu birki da kuloci da hannunsa a gefen mai koyarwa, saboda ɗalibi ba abin yarda ba ne. Ita ce autarsa, ita ce kuma ta gaji hannunsa. Ɗalibai suka sa mata Malama, sunan ya bi ta har gida.

"Me kake sana'a?" ta tambaye shi tana gyara masa madubi.

"Tabarau nake haɗawa. In yanka gilashi, in sa shi a firam." Ya kalli tagar. "Zan iya barin tagata a buɗe? Kuma in na ce zan tsaya, za ki bar ni in tsaya?"

"Birki na ƙarƙashin ƙafarka. Wa zai hana ka?"

Ranar nan mota ta mutu a hannunsa sau ba adadi. Duk mutuwa sai ya ce, "A yi haƙuri."

"Ni kake ba haƙuri ko motar?"

"Ku duka," in ji shi.

Da lokaci ya cika, ya fita, sai kuma ya dawo ya sunkuyo ta taga. "Malama, tun ɗazu abu ɗaya ke damuna. Tabaranki ya karkace."

Kafin ta ce wani abu ya zaro wani ɗan mitsitsin sukundireba daga aljihun riga. Ta miƙa masa tabaran. Hannun nan da ya wuni yana karkarwa a kan giyar mota, yanzu ko motsi ba ya yi. Ya ɗaure, ya goge, ya miƙo. Ta saka, ta ɗago, sai ga fuskarsa tar a gabanta, da idanunsa masu sanyi. Malama da ba ta taɓa rasa bakin magana ba, ranar "na gode" ma sai da ta nemo.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Malama, ɗalibinki ne mai kashe mota. Ina fata tabarau ya zauna. Ki gaishe mini da motar, ki ce mata gobe zan gyara halina."

Ta yi dariya har Mama ta leƙo daga kicin. Ta rubuta masa:

"Ya zauna daram. Motar ta ce ta yafe, amma ka daina sakin kuloci kamar ka taɓa wuta."

Haka aka fara. A filin bayan makaranta ya koyi tashi da tsayawa, ya koyi baya-baya, kuma ba laifi yana da kai. Sai ranar da ta fitar da shi titi, suka doshi babban shataletale inda motoci ke shigowa ta kowace kusurwa.

Ba ta lura da farkon abin ba. Ta dai ji numfashinsa ya canza. Da ta juyo, gumi ya jiƙe masa goshi, yatsunsa sun ƙanƙame sitiyari, bakinsa a buɗe yana jan iska sama-sama.

"Ƙirjina," ya ce. "Zan mutu. Malama, zan mutu."

Ta taka birkinta, ta kama sitiyari ta ja motar gefe. Ya buɗe ƙofa ya tsuguna a bakin titi, jikinsa na rawa. Hankalinta ya yi mummunan tashi.

"Tashi mu tafi asibiti!"

Ya girgiza kai. "Zai wuce. Ki ba ni lokaci kaɗan."

Ta tsuguna kusa da shi, ba ta san me za ta yi da hannuwanta ba. Can numfashin ya fara daidaita, rawar ta lafa. Ya share fuska, ya ƙi yarda su haɗa ido, ya ce zai taka da ƙafa zuwa gida.

Bayan magariba saƙonsa ya zo, dogo.

"Malama, tun ranar farko ya kamata in gaya miki. Ina da ciwon fargaba. Ba ciwon zuciya ba ne, an gwada ni an sake gwadawa, zuciyata lafiya lau. Jikina ne ke buga ƙararrawar haɗari alhali babu haɗari. Zuciya ta yi ta dukan ƙirji, numfashi ya ƙi isa, kaina ya ce mini yau kam mutuwa ce. Na san ba gaskiya ba ne, amma sanin ba ya hana shi zuwa. A cikin bas ya fara kama ni, sai na daina shiga bas. Ya same ni a kasuwa, na daina zuwa kasuwa. Wata rana na duba na ga duniyata ta koma shago da ɗakina. Yayata ce ta ja ni wurin likita. Ina shan magani, ina zuwa muna tattaunawa, tuƙin nan ma yana cikin maganin. In kin ga ba za ki iya da ni ba, wallahi ba zan ji haushi ba."

Ta karanta, ta sake karantawa. Tausayi ya kama ta, kuma a ƙarƙashin tausayin akwai wani abu da ta riga ta san sunansa. Ta rubuta:

"Gobe da safe ina jiranka. Wanda ya makara shi zai wanke mota."

Daga nan hira ta wuce ta kuloci da giya. Yakan zo mata da ƙyallen goge tabarau, kullum sabon launi, har jakarta ta cika da su. Ita tana ce masa Ɗalibina, shi kuma wata rana ya yi ta maza ya ce mata Hasken Idona.

"Duk wadda ka sayar wa tabarau haka kake ce mata?"

"Su ni nake ba su gani. Ke kuwa ke kike ba ni."

"Iye! Ashe mai kashe mota ya iya magana."

Amma Malama ba ta manta da ranar shataletale ba. Duk sanda ta tuno shi tsugune a bakin titi sai ta ji zuciyarta ta matse, ta yi wa kanta alkawari ba zai sake shiga wannan hali a gabanta ba. To, mai so ba ya rasa dabara, ko da dabarar banza ce.

Ta fara zaɓar musu titunan da ba mutane. Babbar gadar da ta ratsa kogi, wadda kowane ɗalibi sai ya hau kafin a ce ya iya, kullum sai ta samo dalilin kauce mata: yau cunkoso, gobe ana gyara. Sannan ƙafarta ta koyi sata. In za su sha kwana, ta ɗan taɓa birki a hankali. In mota za ta mutu, ta ɗan danne kuloci. Ta ƙware har shi kansa bai taɓa ji ba.

"Hasken Idona, kin lura? Yau ko sau ɗaya mota ba ta mutu ba! Na gaya wa Yaya, har ta yi guɗa. Ina ga na fara zama mutum."

Ta amsa da, "Ai na gaya maka, Ɗalibina jarumi ne." Ranar abinci bai yi mata daɗi ba.

Akwai kuma Mai Taya. Shi ke sayar wa makarantar tayoyi, kuma ya daɗe yana zagayen Malama. Mutum ne mai faɗin ƙirji da faɗin murya, tun daga kan kwana yake danna hon don a san ya iso. Baba yana son sa, don yana ganin namiji ne da ba ya tsoron hanya. Ashe ranar shataletale Mai Taya ya wuce ya gan su. Ya adana maganar, sai da ya ji ana raɗe-raɗin Malama ta yi saurayi sannan ya kai ta inda za ta yi aiki.

Baba ya kira ta falo. Mama na gefe tana ninke kaya, kunnenta na wurinsu.

"Auta, yaron nan mai tabarau. An ce an gan shi a bakin titi yana gumi yana karkarwa. Ƙwaya yake sha?"

"Magani yake sha, Baba. Na likita."

"To ai ƙwaya ke nan."

"Baba, ciwo ne. Ciwon fargaba ake ce masa. Tsoro ne ke taso masa ba dalili, jikinsa ya ɗauka da gaske ne."

Baba ya kalli Mama. "Kin ji zamani. Tsoro ma ya zama ciwo, har da maganinsa."

"Kai dai ka ga yaron tukuna," in ji Mama, ba ta ɗago ba.

"Zan gan shi. Gobe ni zan zauna a baya."

Washegari mai tabarau ya gaida Baba har ƙasa, ya shiga ya tada mota. Tafiya ta yi kyau. Shan kwana lafiya, tsayawa lafiya, mota ba ta ko yi tari ba. Malama ta fara sakin ranta. Sai Baba ya ce, "Faka nan."

Ya faka.

"Yaro, kwanar da muka sha yanzu, wa ya taka birki?"

"Ni ne, Baba."

"Da wa?"

Baba ya nuna ƙasan gefen Malama da haɓa. "Ni na haɗa birkin can da hannuna, na san kukansa. Tun da muka tashi mutum biyu ke tuƙa motar nan."

Mai tabarau ya sunkuya ya kalli ƙafarta, wadda har lokacin tana kan birki. Ya ɗago ya kalle ta. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Tun yaushe?"

Ta janye ƙafarta daga kan birkin. Ya kashe mota, ya yi wa Baba godiya da ladabi, ya fita ya kama hanya da ƙafa.

Baba ya dawo gaba ya karɓi sitiyari. Sai da suka kusa gida ya yi magana, muryarsa ba zafi.

"Na ga ba ɗan ƙwaya ba ne, yaro ne mai tarbiyya. Amma ba zan ba da ke ga wanda za ki ƙare rayuwarki kina taka masa birki a ɓoye ba. Aure doguwar hanya ce, Auta. Ƙafarki za ta gaji. Maganar nan a bar ta."

Ta yi kuka ranar har idanunta suka kumbura. Abin da ya fi ci mata rai, ba ta da bakin cewa Baba ya yi ƙarya, kuma ita ce da ƙafarta ta ba shi hujja.

"Ɗalibina, ka yi haƙuri. Don ina son ka na yi."

Ba amsa.

"Ko zagina ne ka turo, zan karɓa."

Ba amsa. Kwanaki suka wuce. Mai Taya kuwa sai ƙara yawan zuwa yake, hon ɗinsa har ya fara sa mata ciwon kai. Mama ce ta gaji da ganinta tana jan ƙafa a tsakar gida, ta ce, "Shagon nasa a sama yake da ba za ki iya zuwa ba?"

Shagon ɗan ƙarami ne, tsaf-tsaf, firam jere a bango, ga ƙaramin injin yanka gilashi a kusurwa yana zuba ruwa. Ta same shi sunkuye a kan teburi. Da ya gan ta ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Na zo ne a duba mini tabarau," ta ce.

"Me ya same shi?"

"Ba komai. Mai shi ce ba ta gani sosai."

Ya ɗaga kujerar ya ba ta, shi ya zauna a bakin teburi. Ya rame.

"Ba fushi ne kaɗai ya hana ni amsawa ba," ya ce. "Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Kin san yadda kan nan nawa yake. Ya ce mini dariya kike yi mini tun farko. Ya ce tausayi ne ba so ba. Ya ce Baba ya yi gaskiya, kaya ne ni. In ya fara irin wannan lissafi ba ya tsayawa sai ya kai ni ƙarshen duniya."

"Wallahi so ne. Na kasa jure ganinka kamar ranar nan."

"Na sani. Amma ranar nan, Hasken Idona, ita ce ranar da na fi kowace yin ƙoƙari. Sauran ranakun ashe ke ce." Ya yi ɗan murmushi. "Har Yaya ta yi guɗar banza."

Dariya da kuka suka haɗe mata. Ya miƙa mata ƙyallen goge tabarau, ta share hawaye da shi.

"Jibi zan ga likita," ya ce. "Ki raka ni. Ta fi ni iya bayani."

Likitar mace ce mai fara'a, ofishinta cike da tukwanen fure. Ta saurari labarin birki har ƙarshe, ta yi dariya, ta ce Malama ba ita ce ta farko ba. Iyaye na yi, mata na yi, mazaje na yi, kowa da irin birkinsa.

"Ki gane yadda ciwon yake ci," ta ce. "Duk sanda aka kauce wa abin tsoro, mutum yakan ji sauƙi nan take. Sai fargabar ta ce masa, ka gani, da ba ka gudu ba da ka halaka. Gobe ta dawo ta fi jiya ƙarfi. Amma in ya tsaya, a hankali, daidai abin da zai iya, ta taso ta kai ƙarshenta ta sauka yana nan da ransa, to jiki ya koyi darasi. Ba ragwanta ba ce, ba kuma raunin imani ba. Ciwo ne, kuma yana jin magani."

"To ni mene ne aikina?"

"Ki zauna kusa da shi. Kada ki karɓe masa."

"Zai warke gaba ɗaya?"

"Da yawa suna samun sauƙi sosai, su yi rayuwarsu yadda suke so. Wani lokaci yakan leƙo. Bambancin shi ne ba shi zai riƙa zaɓar masa inda zai je ba."

Suka koma mota da sabuwar doka: Malama ba za ta taɓa birki ba sai in haɗari ne na gaske, kuma in ta taɓa sai ta faɗa da baki. Mota ta koma mutuwa, shi ya koma ba su haƙuri su biyu. Suka koma shataletale. Abin ya taso masa, ya sa sigina ya faka da kansa, ya zauna yana fitar da numfashi a hankali har ya wuce, sannan ya sake shiga. Ita kuwa ta gano zaman banza ya fi kowane aiki wuya, har ta koma zama a kan tafin hannuwanta. Baba yana ganinsu suna fita suna dawowa, bai hana ba, don ɗalibi ɗalibi ne. Maganar aure dai ya rufe ta.

Bayan 'yan watanni, wata safiya mai tabarau ya wuce motar koyo, ya nufi ofishin Baba kai tsaye. Malama ta bi shi da sauri ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, na zo roƙo ne. Ku sake zama a motar da nake tuƙawa. In kun ga abin da kuka gani wancan karo, ba zan sake tada maganar Auta ba."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. Ya jawo durowa ya ɗauko makullin tsohuwar motarsa ta gida, wadda ba ta da birki sai ɗaya.

"Ni a gaba. Ke a baya. Gada za mu hau."

Gada ce kaɗai ba su taɓa hawa a lokacin cunkoso ba.

Suka hau lafiya. Sai da suka kai tsakiya suka tarar da cunkoso, motoci sun cushe gaba da baya, ana tafiya taku-taku. Dama ƙarfe, hagu mota, ƙasa ruwa. Babu wurin fakawa, babu wurin fita. Daga baya take kallon wuyansa, ta ga gumi ya fara tsattsafowa. Ta ji numfashin ya canza. Ƙafarta ta dama ta shiga neman birki a ƙasan kujera, ba komai sai tabarmar roba.

Baba ma ya lura. Hannunsa ya doshi birkin hannu.

"Baba," in ji mai tabarau, muryarsa na rawa, idonsa na kan hanya, "ya zo. Abin da aka gaya muku, ga shi nan. Ƙirjina na bugawa, kaina na ce mini zan mutu. Ba zan mutu ba. Ina ganin hanya, ƙafata na kan birki. Kada ku taɓa komai. Ku dai yi mini hira."

"Hira?" Baba ya juyo ya kalli 'yarsa, neman agaji ƙarara a fuskarsa. Malama ta cije leɓe, ta danne hannuwanta, ba ta ce uffan ba. A rayuwarta ba ta taɓa yin shiru mai tsada irin wannan ba.

Baba ya janye hannunsa. Ya yi gyaran murya. Mutumin da zai wuni bai haɗa jimla goma ba, yau an ce ya yi hira.

"To. Uwar yarinyar nan, a mota na same ta. Lokacin ƙaramar bas nake ja. Ta zauna a bayana, tun da muka tashi take kushe tuƙina. Ka cika gudu, ka cika birki, wa ya ba ka lasisi. Da muka isa na ce wannan in ban aure ta ba za ta je ta ɓata mini suna a gari."

Motar gaba ta matsa. Mai tabarau ya saki birki, ya matsa, ya tsaya. Gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Ku ci gaba, Baba."

"Ranar da na je gaida mahaifinta, tsoro ne ya cika ni. Ni da nake kwana a daji da mota. Aka ce in zauna, na zauna, sai na ji ƙaras. Ashe a kan tabaran tsohon na zauna."

Mai tabarau ya ja dogon numfashi, ya sake shi a hankali. Can ya ce, da 'yar muryar da ta fara dawowa, "Da ina nan, Baba, da na gyara muku shi."

Baba ya fashe da dariya, irin wadda Malama ta manta yana da ita. Ita ma ta yi, hawaye na bin kumatunta. Cunkoso ya warware kaɗan-kaɗan, kafaɗun mai tabarau suka sauko, mota ta gangara ɗaya gefen kogin ba tare da ta mutu ba. Ya sa sigina, ya faka a inuwa, ya kashe.

Baba ya juyo ya tambaye shi:

"Ciwon zai sake dawowa?"

"Zai iya dawowa, Baba. Ba zan yi muku ƙarya ba."

"In ya dawo, ita me za ta yi?"

"Abin da ta yi yanzu."

Baba ya juya ya kalli autarsa, ya ga hannuwanta har sun yi ja saboda danniya. Ya gyaɗa kai.

"Na zauna kusa da direbobi da yawa," ya ce. "Kowa cewa yake ba ya tsoro, har ranar da zai jefa ka rami. Ban taɓa zama da wanda ya ce mini yana jin tsoro, ya kuma kai ni inda za ni ba, sai yau. Ka gaya wa manyanka ina jiransu. Yanzu juya ka mai da mu gida, ta gadar za mu koma."

Ranar ɗaurin aure gida ya cika ya batse. Mai Taya ma ya zo, an ji isowarsa tun daga kan kwana, kuma don a san ba ya riƙo shi ya yi ta jigilar baƙi. Malama tana ɗakin Mama cikin kwalliya, ƙawaye sun kewaye ta, amma hankalinta na can waje inda maza suka taru. Ta san yawan jama'ar, ta san zafin, ta san ango na tsakiyarsu kowa na miƙo masa hannu. Yayarsa ta leƙo ta ce ko a je a duba shi. Malama ta girgiza kai, ta riƙe wayarta gam.

Can aka ji hayaniya ta tashi a waje, sai waya ta yi motsi a hannunta.

"Hasken Idona, ciwon nan ya halarci ɗaurin aure, ba wanda ya gayyace shi. Na ce ya samu wuri ya zauna, ni ba inda za ni. Yana zaune aka ɗaura. Barka, matata."

Ta kife fuska a cinyar Mama, kwalliya ta tafi, ƙawaye na ta ihun a kawo hoda. Mama ta karɓi wayar ta karanta, ta dafa kan 'yarta.

"Allah ya yi muku albarka, Auta. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ranar da tsoro ya zo gidanku, Allah ya sa ya same ku tare."

Ɗaki ya amsa da amin. Malama ta ɗago, ta karɓi wayarta, ta rubuta masa:

"Barka, mijina. Zo ka ɗauke ni."